GADO A CIKIN SHIRIN KWAMFUTA: DARASI DAGA GARKEN SHIKA

Gabatarwa

Wanda ya bar Samaru ya miƙi hanyar Funtuwa, ba zai yi nisa ba zai iske garin Shika, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take, wadda aka fi sani da NAPRI. Tun cikin shekarar 1928 aka kafa gonar dabbobi a wannan wuri. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gonar ta koma ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, sannan a 1976 ta zama cibiya mai cin gashin kanta a inuwar jami'ar. A nan ne masana suka daɗe suna nazarin shanun Bunaji, da tumakin 'Yankasa da Uda da Balami, da jar akuyar Sakkwato. A nan ne kuma aka samar da kazar nan mai yawan ƙwai da aka raɗa wa suna ShikaBrown.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da ajiye bayanai. Kowace dabba tana da lambarta, da nauyinta, da ranar da aka yi mata barbara, da ranar da ake sa ran za ta haihu. A da, katin takarda ne ke ɗauke da wannan nauyi. A yau kwamfuta ce. To, yaya mai rubuta shirin kwamfuta zai tsara bayanan saniya da tunkiya da kaza, alhali sun yi tarayya a wasu abubuwa, sun kuma sha bamban a wasu? Amsar da masana suka bayar ita ce dabarar da suka kira gado. Wannan maƙala za ta bayyana yadda dabarar take aiki, da kuma wurin da ta rabu da gadon da ɗalibai suka sani a darasin ilmin halittu, domin a nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Aji da Ɗan Aji

A ɗauka cewa an kai aiki wata maɗaba'a a Sabon Gari, aka ce a buga katin rajistar dabbobi. Katin yana da gurbin lamba, da gurbin nauyi, amma ba a rubuta komai a ciki ba. Wannan tsarin kati shi ne abin da masu ilmin kwamfuta ke kira aji. Idan aka ɗauki kati ɗaya aka cika shi da bayanan wata saniya mai lamba 101 da nauyin kilo 300, to an sami ɗan aji. Aji ɗaya ne, amma 'yan ajin suna iya kaiwa dubbai, kowanne da nasa bayani.

Sai dai ajin kwamfuta ya ɗara katin takarda da abu guda. Ban da gurabun bayani, waɗanda za a kira siffofi, yana kuma ɗauke da ayyuka, wato umarnin abin da za a yi da bayanan. Katin takarda ba ya iya lissafa ranar haihuwar saniya da kansa; ɗan ajin kwamfuta kuwa, da zarar an tambaye shi, zai yi lissafin ya ba da amsa. Salon rubuta shirin kwamfuta da ya ginu a kan haɗa siffofi da ayyuka wuri ɗaya shi ne wanda harsunan kwamfuta irin su Python da Java da C++ suke bi.

Asalin Dabarar

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su ne suka fara shigar da aji da ƙaramin aji cikin harshen kwamfuta, a harshensu mai suna Simula 67, wanda suka tsara a birnin Oslo a shekarar 1967. Matsalar da ta kai su ga wannan tunani mai sauƙin ganewa ce. Suna son kwamfuta ta kwaikwayi layin motoci a bakin wata gada da ake biyan kuɗin wucewa. A layin akwai manyan motocin kaya, da motocin fasinja, da ƙananan motoci. Kowace iri tana da abin da ya keɓanta da ita, amma dukkansu motoci ne masu jira a layi guda. Sai suka ga ya fi dacewa a rubuta abin da aka yi tarayya a kai sau ɗaya tak, sannan kowace iri ta ɗora nata a kai. Saboda wannan aiki aka ba su lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001, wadda ita ce mafi daraja a wannan fanni.

Daga baya Alan Kay da abokan aikinsa suka faɗaɗa tunanin a harshen Smalltalk a Amurka cikin shekarun 1970. Shi Kay ya karanci lissafi da ilmin halittu a jami'a, kuma ya riƙa kwatanta 'yan aji da ƙwayoyin halitta na jiki, kowace a killace cikin fatarta, tana hulɗa da sauran ta hanyar aika saƙo. Bjarne Stroustrup ya fara aikin da ya haifar da C++ a 1979, Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, Java kuma ta fito a 1995.

Amma rarraba abubuwa aji-aji ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya jera rayayyun halittu rukuni cikin rukuni tun ƙarni na 18, kuma a 1758 ne ya ware dabbobi masu shayarwa ya ba su aji nasu daban da na tsuntsaye. Bisa wannan tsari, da zarar an ce tunkiya mai shayarwa ce, ba sai an sake faɗin cewa tana da gashi, tana kuma ba 'ya'yanta nono ba. Sunan ajin ya riga ya ɗauke wannan bayani. Gadon kwamfuta ma haka yake.

Yadda Ake Rubuta Shi

Ga misali cikin harshen Python. Kalmomin da harshen ya tanada na Ingilishi ne, amma sunayen azuzuwa da siffofi mai rubutu ne ke zaɓen su, don haka an sa su da Hausa. Domin sauƙaƙa lissafi, an ƙidaya ranaku daga farkon shekara, wato 1 ga Janairu ita ce rana ta 1.

    class Dabba:
        def __init__(self, lamba, nauyi):
            self.lamba = lamba
            self.nauyi = nauyi

        def kara_nauyi(self, kilo):
            self.nauyi = self.nauyi + kilo

    class MaiShayarwa(Dabba):
        def __init__(self, lamba, nauyi, barbara):
            super().__init__(lamba, nauyi)
            self.barbara = barbara

        def ranar_haihuwa(self):
            return self.barbara + self.kwanakin_ciki

    class Saniya(MaiShayarwa):
        kwanakin_ciki = 283

    class Tunkiya(MaiShayarwa):
        kwanakin_ciki = 148

Azuzuwa huɗu ke nan. Dabba shi ne babban aji, mai ɗauke da abin da kowace dabba ke da shi. Sunan da aka sa cikin baka a gaban MaiShayarwa yana nufin cewa wannan aji ya gaji Dabba: duk siffa da aikin da ke can, nasa ne ba tare da an sake rubuta su ba. Ya kuma ƙara da ranar barbara da lissafin ranar haihuwa. Saniya da Tunkiya kuwa layi ɗaya kacal kowannensu ya ƙara, wato tsawon kwanakin ciki, wanda ya kai kimanin kwana 283 ga saniya, da kimanin kwana 148 ga tunkiya. Mai karatu zai lura cewa ba a ba MaiShayarwa adadin kwanaki ba. Da gangan aka yi haka, kuma dalilin zai bayyana nan gaba.

Yadda Ake Samar da Ɗan Ƙaramin Aji

Rubuta aji bai samar da ko dabba ɗaya ba tukuna, kamar yadda buga kati bai sa saniya cikin rajista ba. Ana samar da 'yan aji ne da umarni kamar haka:

    s = Saniya(101, 300, 20)
    t = Tunkiya(205, 30, 20)

Layin farko na nufin saniya mai lamba 101, mai kilo 300, wadda aka yi wa barbara a rana ta 20, wato 20 ga Janairu. Abin da ke faruwa a cikin kwamfuta idan ta karanta wannan layi ya cancanci a bi shi daki-daki.

Da farko tana keɓe wuri a ma'ajiyarta domin sabon ɗan aji, wanda babu komai a cikinsa. Sai ta nemi aikin da ke cika gurabun farko, wato wanda aka rubuta da sunan __init__. Takan fara dubawa a cikin ajin Saniya. Da ba ta same shi a nan ba, sai ta hau mataki ɗaya zuwa MaiShayarwa, inda ta same shi. Umarnin farko a cikinsa shi ne mai kalmar super, wanda ke miƙa lamba da nauyi ga babban aji domin ya rubuta su. Bayan Dabba ya gama nasa, sai aiki ya dawo hannun MaiShayarwa ya rubuta ranar barbara. Gini ke nan daga tushe zuwa sama: ba a ɗora jinka sai bango ya tsaya.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe a nan. Na ɗaya, ɗan aji guda ne aka samar, ba uku ba. Ba a yi wata Dabba daban da wata MaiShayarwa daban aka ɗaure su da Saniya ba. Abu ɗaya ne wanda yake saniya, yake mai shayarwa, yake kuma dabba a lokaci guda, kamar yadda mutumin Shika yake ɗan Jihar Kaduna kuma ɗan Nijeriya ba tare da ya rabu uku ba. Na biyu, idan mai rubutu ya manta da layin super, Python ba za ta yi magana nan take ba. Za ta samar da saniya marar lamba marar nauyi, sai ranar da aka nemi nauyinta sannan shirin ya tsaya cik. Java ta fi tsanani a wannan waje: ita da kanta take kiran aikin kafawa na babban aji, idan kuwa aikin yana bukatar bayanan da ba a ba shi ba, sai ta ƙi karɓar shirin tun daga farko.

Idan aka tambayi s ranar haihuwarta, kwamfuta za ta haɗa 20 da 283 ta ba da 303, wato 30 ga Oktoba a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Idan aka tambayi t, za ta haɗa 20 da 148 ta ba da 168, wato 17 ga Yuni. Lissafin sau ɗaya aka rubuta shi, amma kowace dabba ta sami amsar da ta dace da ita, domin a kullum kwamfuta na fara neman abu a ajin ɗan ajin kansa kafin ta hau sama.

Wannan ƙa'ida ta fara nema daga ƙasa ita ce ke ba ƙaramin aji damar sauya abin da ya gada. A ce Dabba yana da aikin bayar da rahoto, wanda ke faɗin lamba da nauyi kawai. Ajin Saniya na iya rubuta nasa da wannan suna, ya ƙara da yawan madarar da aka tatsa. Ajin Kaza kuma, wanda ya gaji Dabba kai tsaye, ya ƙara da yawan ƙwai. Mai kula da garke sai ya ba da umarni ɗaya ga dabbobi dubu, kowace ta amsa da irin nata rahoto. Ranar da aka kawo zomaye ko raƙuma, sabon aji kawai za a ƙara, ba sai an taɓa tsohon rubutu ba. Idan kuma aka gano kuskure a lissafin ranar haihuwa, wuri ɗaya za a gyara, gyaran ya game kowa.

Inda Gadon Biyu Suka Rabu

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan shi ne gadon da ilmin halittu ke magana a kai, wanda Gregor Mendel ya bayyana dokokinsa a 1866 bayan gwaje-gwajen da ya yi da wani nau'in wake. Gado ne daga wata uwa da wani uba zuwa ga ɗansu, ta hanyar ƙwayoyin gado, rabi daga nan rabi daga can. Gadon kwamfuta ya aro sunan ne kurum. A cikinsa aji ne ke gadon aji; ɗan aji ba ya gadon ɗan aji. Idan saniya mai lamba 101 ta haifi maraƙa, maraƙar ba ƙaramin ajin uwarta ba ce. Sabuwar 'yar ajin Saniya ce, tsaye kafaɗa da kafaɗa da uwar tata, da katinta daban. Dangantakarsu kuwa sai a rubuta ta a matsayin siffa: a buɗe gurbi mai suna uwa, a sa lamba 101 a ciki.

Saboda haka kafin a ce wani aji ya gaji wani, tambaya ɗaya ake yi: shin wannan nau'in wancan ne? Saniya nau'in mai shayarwa ce, don haka gado ya halatta. Maraƙa ba nau'in uwarta ba ce, tana dai da uwa. Duk inda kalmar "tana da" ta fi dacewa, siffa ake bukata. Masaniyar kwamfuta Barbara Liskov ta Amurka ta tsara wannan ƙa'ida a 1987. Taƙaitaccen abin da ƙa'idar ke nufi shi ne, duk wurin da ake sa ran ɗan babban aji, ya zama za a iya ajiye ɗan ƙaramin aji ba tare da wani abu ya lalace ba.

Ga abin da kan biyo bayan karya wannan ƙa'ida. A ce ɗalibi ya riga ya rubuta ajin Saniya cikakke, sai aka ce ya ƙara tumaki. Ya duba ya ga tunkiya ma tana tuƙa, tana cin ciyawa, tana shayarwa. Don gudun wahala sai ya sa Tunkiya ta gaji Saniya, ya kuma sha'afa bai sauya kwanakin ciki ba. Shirin zai yi aiki lami lafiya, ba ƙorafi ba gargaɗi. Amma tunkiyar da aka yi wa barbara ranar 20 ga Janairu, kwamfuta za ta ce sai ƙarshen Oktoba za ta haihu, alhali a tsakiyar Yuni ne. Tazarar kwana 135 ke nan, wata huɗu da rabi. Makonni shida na ƙarshen ciki su ne lokacin da ɗan tayi ya fi girma, kuma su ne lokacin da tunkiya ta fi bukatar ƙarin abinci irin su dusa da harawa. A wannan misali, makonnin sun faɗo ne a watan Mayu da farkon Yuni, sa'ad da sabuwar ciyawa ba ta gama kankama ba a ƙasar Zazzau. Makiyayin da ya dogara da wannan jadawali zai wayi gari da ramammun tumaki da 'ya'ya marasa ƙwari. Mai binciken da ya gina rahotonsa a kai kuma ya yi asarar aikin shekara guda. Kama da wane, in ji masu iya magana, ba ta wane.

Yanzu dalilin barin MaiShayarwa ba adadin kwanaki ya fito fili. Da ɗalibin ya sa Tunkiya ta gaji MaiShayarwa kamar yadda ya dace, sannan ya manta da kwanakin ciki, kwamfuta za ta nema har ƙololuwa ta rasa, ta tsaya ta sanar da shi. Kuskuren da ya yi ƙara ya fi sauƙin magani a kan wanda ya yi shiru.

Matsalar Ruwa-Biyu

Shanun Shika suna da wani darasin. An shafe shekaru masu yawa a wurin ana haɗa Bunaji da shanun Friesian na ƙasashen Turai, domin a sami saniyar da ta haɗa juriyar zafi da cututtuka irin ta Bunaji da yawan madara irin na Friesian. To, yaya za a shigar da irin wannan saniya ruwa-biyu cikin shirin kwamfuta?

Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a yi ajin Bunaji da ajin Friesian, sannan a yi na uku da zai gaji dukkansu. C++ da Python sun yarda aji ya gaji iyaye biyu. Java kuwa ta hana. Amma ko inda aka yarda, sakamakon ba irin na halitta ba ne. Idan iyayen biyu suna da siffa mai suna ɗaya, alal misali yawan madarar da ake sa rai, kwamfuta ba ta gauraya su. Python takan ɗauki ta wanda ya zo farko a jerin gado ta bar ɗayar, C++ kuma takan nemi mai rubutu ya fayyace wadda yake nufi. A jikin saniya kuwa, yawan madara yana fitowa ne daga ƙwayoyin gado masu yawa na ɓangarorin biyu, tare da tasirin abinci da yanayi.

Bugu da ƙari, haɗin ba ya tsayawa a rabi da rabi. Idan aka mayar da 'yar ruwa-biyun ga bijimin Friesian, abin da za a haifa yana da kashi 75 cikin 100 na jinin Friesian. Idan ga bijimin Bunaji ne, kashi 25. Kowane sabon haɗi zai bukaci sabon aji, abin ba iyaka. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar ajin Saniya guda ɗaya, a ƙara masa siffar kason jini, da ta uwa, da ta uba. Da waɗannan uku kwamfuta za ta iya bin salsalar kowace dabba har kaka da kakanni, ta kuma lissafa kason jinin ɗan da ba a haifa ba tukuna: a haɗa na uwa da na uba a raba biyu. Wato gadon jini, wanda shi ne ainihin aikin masanan Shika, da siffofi ake rubuta shi a kwamfuta.

Kammalawa

Malamin da ke son koyar da wannan darasi ba ya bukatar ɗakin kwamfuta kafin ya fara. Allo da alli sun isa. A sa ɗalibai su jera dabbobin gidajensu, su fitar da abin da duka suka yi tarayya a kai su rubuta a sama, sannan su sauko mataki-mataki, suna gwada kowane reshe da tambayar nan: nau'insa ne, ko kuwa yana da shi ne? Za su yi gardama a kan inda za a sa jemage, wanda ke tashi sama amma yana shayarwa, da jimina, wadda tsuntsuwa ce amma ba ta tashi. Wannan gardama ita ce rabin aikin mai rubuta shirin kwamfuta. Ɗalibin da ya gane cewa bai kamata a sa aikin tashi sama a cikin ajin Tsuntsu ba saboda jimina, ya riga ya fahimci ƙa'idar Liskov, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Sauran rabin kuwa, wato koyon kalmomin Python ko Java, abu ne da yawan gwaji ke kawowa.